Idan kunkuru ya shigo gidanka: yadda za ka mayar da shi daji lafiya

Da zarar damina ta zauna a Bauchi, wajen watan Yuni, mazauna bakin gari sukan fara cin karo da kunkuru. A unguwanni irin su Birshi, Miri, Inkil, Tirwun da Gwallameji, inda sababbin gidaje ke ta cinye gonaki da jeji, ana iya wayar gari a gan shi a gindin katanga, ko yara su tsinto kififiya a kwata bayan ruwan dare. Abin da ke biyo baya kusan ɗaya ne a ko'ina. Yara su yi ta mirgina shi da sanda, wani ya ce a huda ƙoƙonsa a ɗaure, wani ya ce a jefa shi rijiya, wani kuma ya tuna da mai maganin gargajiya da zai ba da 'yan kuɗi. Masu niyyar alheri ma sukan zama ajalinsa, ko dai sun jefa na tudu a ruwa, ko sun kai shi dajin da bai sani ba.

Galibi kunkurun nan ba ɓata ya yi ba. Kafin a yanka filayen nan a yi gini, hanyarsa ce tsakanin maɓoyarsa ta rani da wurin da yake kiwo da damina. Ruwan farko ne ya tashe shi, ya fito neman abinci, ko abokin barbara, ko wurin zuba ƙwai, sai ya tarar da bulo a gabansa, ya bi gindin katanga har ya samu rariya ko ƙofa a buɗe. Don haka taimakon da yake bukata kaɗan ne: a gane irinsa, a rage taɓa shi, a mayar da shi kusa, kuma da wuri.

Kafin ka kai hannu

Fara da janye yara da kulle kare. Kare yana iya gwaguyar ƙoƙon ƙaramin kunkuru har ya fasa shi. Idan ka same shi a rigingine, kife shi a hankali, don zama a haka cikin rana yana kashe shi. Idan yana cikin rana tsaka, tura shi inuwa. Daga nan ka ja da baya ka zuba masa ido na 'yan mintuna. Ka lura da inda ya dosa da kuma inda ya ɓullo, domin wannan zai yi maka amfani lokacin mayar da shi. Idan gidanka yana maƙwabtaka da jeji ko fadama, kuma babu titi a tsakani, sau da yawa buɗe masa ƙofa da la'asar ya wadatar, zai kama gabansa.

Na tudu ne ko na ruwa?

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren nan ba ya gyaruwa. Dubi ƙafa. Masu karin magana sun ce kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa, kuma haka abin yake ga na tudu: ƙafafunsa dunƙulallu ne masu kauri, farata ne kawai a bakinsu, ƙoƙon bayansa kuma ya yi tozo sama. Wannan ba ya iyo. Ka jefa shi a tafki ko dam, zai nutse. Kififiya kuwa ƙoƙonta a baje yake, yatsunta a rarrabe da fata a tsakaninsu irin ta ƙafar agwagwa.

Na tudun da aka fi tsinta a yankinmu ƙarami ne, da wuya tsawonsa ya wuce santimita 25, launinsa ruwan ƙasa da ratsin baƙi ko ruwan ɗorawa. Yana da wata alama da ba a ɓata: a ɓangaren baya na ƙoƙonsa akwai gaɓa mai lanƙwasawa, idan ya tsorata sai ya ja ƙoƙon ƙasa ya rufe ƙafafun baya da wutsiya. Mutane da yawa suna ganin layin nan su zaci tsagewa ce, har su nemi liƙe ta da gam. Halittarsa ce, kada a taɓa. Ka kuma kiyaye yatsanka daga wajen, don yana iya datse shi. Wannan kunkurun yana cin ganye da 'ya'yan itace da suka faɗo, amma yana cin dodon koɗi da ƙadandoniya da laimar kwaɗi, shi ya sa yake yawo bayan ruwa.

A cikin na ruwa, wadda aka fi gani a kududdufi da kwatoci ita ce mai lanƙwasa wuyanta gefe ta ɓoye kai a ƙarƙashin bakin ƙoƙo, maimakon ta ja shi ciki kai tsaye. Idan ka ɗauke ta takan saki wani ruwa mai ɗoyi, kariyar kanta ke nan. Da rani, idan kududdufi ya ƙafe, takan binne kanta a laka har ruwa ya dawo, da damina kuma takan yi tafiya a ƙasa daga wannan ruwa zuwa wancan, a nan ne take faɗawa gidajen mutane. Akwai 'yar'uwarta mai gaɓa a ƙoƙon ƙirji, wadda ke rufe gabanta ruf idan ta ji motsi.

Sai mai taushin baya, wadda fata ce ta lulluɓe ƙoƙonta, hancinta kuma ɗan dogo ne siriri. Ta manyan ruwaye ce, irin kogin Gongola da dam ɗin Dadin Kowa, ba ta cika zuwa gida ba sai in ambaliya ta kawo ta ko masunta. Wuyanta dogo ne ƙwarai, tana iya juyo da kai ta ciji hannun da ke riƙe da gefenta, cizon kuma ba na wasa ba ne. Kada ka ɗauke ta da hannu. Ka kwantar da daro a gabanta ka tura ta ciki da katako.

Idan ƙato ne, dakata

Akwai wani kunkurun tudu mai launin yashi, mai manyan ɓawo a ƙafafun gaba da wasu ƙayoyi a cinyoyin baya, wanda masana ke kira sulkata. Shi ne mafi girma a duk faɗin nahiyar Afirka in ban da na tsibirai, kuma na uku a duniya, babbansa yana iya haura kilo 50 nesa ba kusa ba. Asalin mazauninsa bakin hamada ne, daga Senegal da Muritaniya har zuwa Sudan da Habasha, a Najeriya kuma can ƙuryar arewa. Shi ne wanda aka saba gani a manyan gidaje ana kiwonsa shekara da shekaru. Saboda haka in ka ga irinsa a cikin garin Bauchi, mafi rinjaye daga gidan wani ya tsere. Gwanin haƙa ne, yana iya bi ta ƙarƙashin katanga ya fita.

Alamomin na gida a bayyane suke, ko a babba ko a ƙarami: huji a bakin ƙoƙo inda aka taɓa zura igiya, fenti ko rubutu a baya, ƙoƙo mai ƙulu-ƙulu saboda abincin da bai dace ba, da rashin tsoron mutane, har ya biyo ka in ya ga ganye a hannunka. Irin wannan tsintuwa ce, a yi cigiya. A faɗa wa maƙwabta da mai unguwa, a sanar a masallaci bayan salla.

Kada ka kai shi daji, ko da tausayi ne ya sa ka. Kunkurun da ya daɗe a gida bai san inda ruwa yake ba, bai san maɓoya ba, kuma yana iya ɗauke da cutar numfashi da zai shafa wa na daji, cutar da wani lokaci ba ta nuna alama a jikin mai ɗauke da ita. In ba a samu mai shi ba, je sashen gandun daji da namun daji na ma'aikatar muhalli ta jiha, ko ka nemi malamin daji na ƙaramar hukumarku, su faɗa maka inda za a ajiye shi. Kafin nan ka ba shi inuwa, ruwan sha a faffaɗan kwano, da ciyawa ko harawa. Ciyawa ce abincinsa na asali, ba tuwo ko burodi ba.

Ɗauka da dubawa

Idan ka tabbatar na daji ne kuma dole sai an ɗauke shi, sa hannu biyu, ɗaya a kowane gefe, tsakanin ƙafar gaba da ta baya, yatsu a ƙasa, babban yatsa a sama. Kada a ɗaga shi ta wutsiya ko ta ƙafa, kada a juya shi ciki sama, kada kuma a yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu don kowa ya gani. Dalilin yana da nauyi. Kunkurun tudu yana adana ruwa a mafitsararsa, jikinsa yana ja daga nan idan babu ruwan sha. In ya firgita sai ya sake shi duka. Abin da yara ke dariya suna cewa ya yi fitsari, guzurinsa ne ya zube. Idan hakan ta faru, zuba ruwa mai tsabta, ba mai sanyi ƙarara ba, a baho, daidai yadda ba zai wuce haɓarsa ba, ka sa shi ciki kamar minti 15 zuwa 20 a inuwa. Yawanci zai sunkuyar da kai ya sha.

Yanzu duba lafiyarsa. Mai lafiya yana da nauyi a hannu, idanunsa a buɗe garau, hancinsa a bushe, kuma yana janye kai da ƙafafu da ƙarfi in an taɓa. 'Yan kaska a wuya ko cinya abu ne da aka saba gani a na daji, ba sa hana a sake shi. Tsohon tabo da ya warke shi ma ba komai ba ne. Abin da ke hana saki shi ne sabuwar tsagewa mai jini, tsutsa a rauni, kumburin ido, majina ko kumfa a hanci, numfashi da baki a buɗe, ko ƙafar da yake ja.

Ƙoƙon kunkuru ba riga ba ce da ya saka. Ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a manne suke da shi, akwai jini da jijiyoyi a ciki, yana jin taɓi yana jin zafi. Wanda ya huda shi da ƙusa ya huda ƙashin dabba mai rai ne. Haka nan wanda mota ko fartanya ta fasa wa baya, karaya ce ya samu. Kada a zuba masa baƙin mai, ko kalanzir, ko toka, ko gam. A wanke datti a hankali da ruwan da aka tafasa ya huce, in tsagewar ba ta yi zurfi ba. In kana hango cikin jikinsa, kada ka kwarara ruwa, huhunsa yana nan daf da ƙoƙon baya. Rufe wurin da tsumma mai tsabta don ƙuda, domin ƙuda yana zuba ƙwai cikin ɗan lokaci, sannan ka kai shi asibitin dabbobi. Kunkuru yana warkewa daga raunin da za ka rantse ba zai tashi ba, sai dai yana ɗaukar watanni.

Bayan ka gama, wanke hannu da sabulu, kai da duk yaron da ya taɓa shi. Kunkuru da kififiya suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a fata da kashinsu ko suna da ƙoshin lafiya, kuma tana jawo gudawa da zazzaɓi, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 5. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan da ba su kai inci 4 ba tun 1975. Wannan kaɗai ya isa dalilin kada a jefa kififiya a rijiyar sha ko a randa da sunan tana tsabtace ruwa. Bahon da aka sa shi ma a wanke a waje, ba a wurin wanke-wanke ba.

Ina za a kai shi?

Wuri mafi kusa da ya dace da irinsa, ta ɓangaren da ya fito ko ya dosa. Mutum yakan ga kamar alheri ne ya ɗauke shi a mota ya kai shi wani daji mai kyau can nesa, amma kunkuru yana rayuwa ne a ɗan yankin da ya haddace, ya san ramin da yake shiga da rani da kwarin da ruwa ke taruwa. Idan aka kai shi baƙon wuri yakan ƙi zama, ya yi ta tafiya yana neman gida, har ya gamu da titi, ko ƙishirwa, ko mafarauci. Ma'aunin da nake bayarwa shi ne, in wurin ya fi ƙarfin tafiyar ƙafa daga gidanka, to ya yi nisa, sai dai in babu wani da ya rage a kusa.

Ga na tudu, nemi gindin dutse mai kurmi, irin duwatsun da suka kewaye garin nan, ko bakin rafi mai sarƙaƙiya da tarin busasshen ganye. Ka guji gonar da ake feshin maganin ciyawa, da filin da ka ga an kafa duwatsun fuloti, da hanyar da 'yan farauta ke bi da karnuka. Ga kififiya, kududdufi ko fadama mafi kusa mai laka da ciyawa a baki, wadda ba ta zama juji ba kuma ruwan kwata bai cika ta ba. Mai taushin baya kuwa sai babban ruwa mai yashi ko laka a ƙasa, wanda ba ya ƙafewa.

Wasu sukan ce a kai shi Yankari kawai. Gaskiya dajin nan na ƙaramar hukumar Alkaleri, wanda aka keɓe tun 1956 kuma ya haura murabba'in kilomita 2,200, shi ne mafaka mafi girma da namun daji ke da ita a jihar. Amma ba wurin da kowa zai je ya sauke dabbar da ya tsinta ba ne, haka gandun dajin Sumu da na Lame-Burra. Akwai ma'aikata masu kula da su, su ke da hurumin cewa a kawo ko kada a kawo, saboda batun cuta da aka ambata a sama.

Wajen ɗauka, kwali mai huji-huji ya fi komai, a shimfiɗa busasshen ganye, ko jiƙaƙƙen tsumma in kififiya ce, a rufe sama don duhu yana kwantar masa da hankali. Kada a sa shi a bokiti cike da ruwa, girgizar hanya tana iya shaƙe ko da na ruwan ne. Kada a ɗaure shi a buhu a bayan babur, kada a sa shi a but ɗin mota da rana. In biyu ne, kowa da kwalinsa.

Lokaci mafi kyau shi ne sassafe ko bayan la'asar, in an samu ranar da aka yi ruwa ya fi. Ajiye na tudu a ƙarƙashin kurmi, kansa yana fuskantar cikin jeji. Kififiya kuma a ajiye ta a bakin ruwa, ta shiga da ƙafarta, ba a wurga ta ba. Ka matsa nesa. Zai iya ɗaukar minti goma ko fiye bai fito da kai ba, wannan ba ciwo ba ne. Kuma kada ka tafi da rakiyar yaran unguwa, don wanda ya ga inda aka ajiye shi zai iya komawa bayan ka juya baya. Ɗauki ɗa ɗaya ko biyu na gidanka su gani da idonsu.

Idan dare ya yi maka, ya kwana a kwalinsa a ɗaki mai sanyi inda ɓera da kwarkwasa ba za su kai gare shi ba. Ba ya bukatar abinci a dare ɗaya. Abin da ba a so shi ne kwana ɗaya ya zama mako, mako ya zama shekara, a manta da shi a bayan ɗaki. Mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba.

Mai ƙwai, da wanda aka tono da rani

In ka ga tana haƙa rami da ƙafafun baya a wuri mai taushin ƙasa, ƙwai za ta zuba. Kada a matsa kusa har ta gama ta rufe ta tafi, abin da kan ɗauki awanni. Ba ta dawowa, 'ya'yan ba sa bukatar uwa. Ka bar ƙwan a inda suke. Ba kamar na kaza ba ne da ake juyawa: ɗan tayin yana mannewa a sama, in aka mirgina ƙwan sai ya mutu. Kifa tsohon kwando ko ragar waya a kan wurin ka danne da dutse saboda kare da damo da tunku, kada a yi ta zuba ruwa. Ƙyanƙyasa tana ɗaukar watanni, gwargwadon iri da ɗumin ƙasa. Daga wata na biyu ka riƙa leƙawa kullum, in sun fito ka kwashe su a kwali ka kai su wurin da za ka kai uwar.

Da rani kuwa, masu haƙa harsashin gini ko masu share tarin ganye sukan tono shi yana kwance kamar matacce. Barcin rani yake yi. In wurin ba za a taɓa shi ba, mayar da shi ka rufe yadda ka same shi. In aiki zai ci gaba, ba shi ruwa yadda aka bayyana, ka kai shi gindin dutse ko kurmi mai inuwa ka lulluɓe shi da ganye, a wurin da wutar daji ba ta cika kaiwa ba. Kififiyar da aka tono daga busasshiyar laka a kai ta fadamar da ke riƙe danshi har bazara.

Idan aka zo saye

Za a zo. Wani zai ce, "Malam, ka bar min shi in ba yara na alewa." Amsa mai sauƙi ita ce, "Ka yi haƙuri Alhaji, ba na sayarwa ba ne, inda ya fito zan mayar da shi." Ba sai an yi gardama ba. Kunkuru yana shafe shekaru masu yawa kafin ya isa haihuwa, ƙaramin nan na tudu ƙwansa a zubi ɗaya ba su cika kai goma ba, kuma mafi yawan 'ya'yan ba sa kai labari. Babbar mace guda da aka cire daga jeji giɓi ce da ba ta cikewa da wuri. Sulkata yanzu yana cikin jerin dabbobin da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce suna fuskantar barazanar ƙarewa, kuma duk kunkurun tudu suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ke ciki, ga kuma dokar ƙasa ta kare namun daji masu fuskantar ƙarewa ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016.

Bayan ka dawo, zaga gidan ka ga ta inda ya shigo. Sa raga a bakin rariya, ka rufe ramin salga da ba a gama ba da duk wani rami mai miƙaƙƙen gefe, ko ka jingina katako a ciki yadda abin da ya faɗa zai iya hawowa. Rijiya a yi mata murfi. Kafin a cinna wa tarin ciyawa ko shara wuta, musamman bayan kaka, a tona shi da sanda tukuna. In kuma a kan titi ka gamu da shi yana tsallakawa, tsaya inda babu hatsari, ka ɗauke shi ka ƙetarar da shi ɓangaren da ya dosa, ka ajiye shi 'yan taku daga bakin kwalta. In ka mayar da shi inda ya fito, zai sake hawowa titin.